Masu Tare Ciwo Tun Daga Bakin Rijiya: Labari Daga Khartum da Omdurman

Idan damina ta yi tsakiya, mutane iri uku muke yawan gani a asibiti. Akwai masu zawo da amai, akwai masu zazzaɓin cizon sauro, akwai kuma waɗanda katanga ko rufin ɗaki ya danne. Likita yana yin iyakar ƙoƙarinsa a kansu. Amma ba a gadon asibiti waɗannan masifu suke farawa ba. A bakin rijiya suke farawa, da gefen masai, da gindin katanga.

Akwai mutanen da aikinsu ke nan, su je can inda ciwo yake farawa su tare shi. Dattawanmu sun san su da sunan duba-gari. Shi ne mutumin nan da kan shigo gida ya leƙa randa, ya leƙa kwata, in ya ga ƙazanta ya sa a ci mai gida tara. Mata ba su ƙaunar jin sallamarsa. A yau aikin ya faɗaɗa, har ana karanta shi a jami'a. Akwai injiniyan muhalli, wanda yake tsara yadda ruwa mai kyau zai shigo gari, da yadda ruwan ƙazanta da shara za su fita. Akwai kuma masu ba da shawara kan lafiyar gini, waɗanda ake kira su duba fili kafin a haƙa harsashi, su duba gini kafin mutane su shiga, su faɗi inda haɗari yake.

Domin ka ga amfanin aikinsu, bari mu kai ka Sudan.

Gari uku a bakin ruwa

Sudan ba baƙuwar ƙasa ba ce ga Bahaushe. Ta nan kakanninmu suka riƙa bi a ƙasa zuwa aikin hajji, da yawa kuma suka zauna. Garin Mai Wurno da ke kusa da Sinnar ya samo sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya yi gabas da jama'arsa bayan yaƙin Burmi a 1903. Har yau ana jin Hausa a kasuwannin ƙasar.

Babban birnin gari uku ne a haɗe: Khartum, da Omdurman, da Bahri. A tsakaninsu koguna biyu suke gamuwa. Farin Nilu yana tasowa daga kudu a natse. Shuɗin Nilu yana gangarowa daga duwatsun Habasha, kuma da damina yakan zo da ƙarfi, ɗauke da laka mai kauri. Zafin garin ya fi na Sakkwato tsanani a wasu watanni, ruwan sama kaɗan ne, kuma talakawa da yawa da ƙasa suke gini kamar mu. Har yaɓen kashin dabbobi suke yi wa bango. To, abin da ya same su ba nesa yake da mu ba.

Likita da injiniya a kan sauro

A 1898 sojojin Ingila da na Masar suka ci Omdurman da yaƙi, suka shiga sake gina Khartum, wadda a lokacin ta zama kufai. Zazzaɓi ya dame su ƙwarai. A 1902 wani likita ɗan Sikotlan mai suna Andrew Balfour ya iso, aka ba shi ɗakin bincike, daga baya aka naɗa shi jami'in lafiyar birnin. Shekaru kaɗan kafin nan ne aka tabbatar cewa sauro ke yaɗa wannan zazzaɓi, kuma a ruwan da ke kwance yake hayayyafa.

Balfour bai zauna yana jiran marasa lafiya ba. Ya kafa ƴar runduna ta ma'aikata, aikinsu kawai neman inda sauro yake ƙyanƙyasa. Suna bin rijiyoyi, da randunan gida, da ƴan tafkunan da kogi ya bari in ya janye, har da cikin jiragen ruwan da ke kai da kawowa a Nilu. Inda za a iya cikewa su cike da ƙasa, inda ba za a iya ba su zuba kananzir a saman ruwan don tsutsotsin su kasa numfashi. A gefensa akwai injiniyan birni, William McLean, wanda ya kama aiki a 1906, yana tsara tituna da magudanai. Kafin Balfour ya bar ƙasar a 1913, zazzaɓi ya ragu sosai a Khartum.

Sai dai a faɗi gaskiya, unguwannin Turawa da manyan ma'aikata aka fi yi wa wannan hidima. Lebura da talaka an tura su bayan gari. Wannan hali bai mutu ba har yau, a can da nan. Duk da haka dabarar ta yi aiki, domin a 2002 gwamnatin jihar Khartum, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sake farfaɗo da ita kusan yadda take: ana gyara bututun da ya fashe, ana busar da hanyoyin ban-ruwa lokaci-lokaci, ana bin ruwan da ke kwance unguwa-unguwa.

Sirrin abin a lissafin kwanaki yake. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, kwana 7 zuwa 10 ne a lokacin zafi. In ka zubar da ruwan da ke kwance sau ɗaya a mako, ka yanke masa hanya. Ka zaɓi rana guda, ka zaga gidanka. Duba tsohuwar taya, da fasasshen tulu, da kaskon kaji, da gwangwanayen da yara suka yar. In ka ga ƴan tsutsotsi suna wutsil-wutsil a ruwa, sauron mako mai zuwa ke nan. Babban abin da ya fi waɗannan duka shi ne kududdufin da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini. Wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya, aikin gayya ne. Kananzir kuwa kada ka zuba shi a ruwan da mutane ko dabbobi suke sha. Gidan sauro ma kada a daina shiga.

Ruwan da ya yi garau, da ruwan da ya yi tsabta

Mutanen Khartum suna da kogi a ƙofar gida, amma ruwan kogi ba ya shayuwa haka nan. A watan Agusta ruwan Shuɗin Nilu kamar kunu yake. Aikin injiniya ne ya mai da shi ruwan sha, kuma mataki uku yake bi. Da farko yakan zuba wani magani irin alif, wanda ke sa laka ta dunƙule ta kwanta. Sannan ya tace ruwan ta cikin yashi. Daga ƙarshe ya sa kulorin, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta. Ma'aikatar ruwa ta Manara da aka buɗe a Omdurman a 2010 an gina ta ne don ta tace lita miliyan 200 kowace rana. Duk da haka unguwannin bayan gari da yawa ba su da famfo. A wurin masu amalanken jaki suke saye, kamar yadda muke saye a wurin ƴan garuwa.

Matan ƙauyukan bakin Nilu sun daɗe da sanin matakin farko, ba tare da injiniya ba. Da ƴaƴan zogale suke yi. Wata masaniya mai suna Samia Jahn ta yi shekaru tana nazarin wannan dabara tasu a Sudan, ta kuma tabbatar tana aiki. Ke uwargida, ga yadda ake yi. Ki sami busassun ƴaƴan zogale, ki ɓare su, ki daka farar ƙwayar ta yi laushi. Ƙwaya 10 zuwa 20 sun isa jarka mai lita 20, gwargwadon kaurin lakar. Ki dama garin da ɗan ruwa mai kyau, ki tace, ki zuba. Ki juya da sauri na ɗan lokaci, sannan a hankali na kamar minti 5. Ki bar shi awa ɗaya ko biyu. Lakar za ta kwanta, ki tsiyaye na sama.

Amma a nan mutane da yawa suke ruɗuwa. Ruwa ya yi garau ba shi ne ya yi tsabta ba. Zogale da alif suna rage ƙwayoyin cuta, ba sa gamawa da su. Dole a bi da tafasawa, ko a sa maganin kulorin irin Aquatabs ko WaterGuard yadda aka rubuta a jikinsa, a jira minti 30. Kuma ruwan zogale na ranar ne, kada ya daɗe a ajiye. Bayan duk wannan wahala, moɗa ɗaya da yaro ya ajiye a ƙasa ya mayar cikin randa ta isa ta ɓata aikin. A rufe randa, a rataye moɗa.

In kana so ka san darajar wannan aiki, dubi abin da ya faru da ya tsaya. Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023. Ma'aikatun ruwa suka lalace, ma'aikata suka gudu. A watan Mayu na 2025 jirage marasa matuƙi suka kai hari kan tashoshin wutar lantarki a Omdurman. Da wuta ta ɗauke, injinan tace ruwa suka tsaya, mutane suka koma ɗiba kai tsaye daga kogi da rijiyoyi marasa zurfi. Ba a jima ba kwalara ta tashi. A mako guda ma'aikatar lafiya ta ƙasar ta ƙidaya mutuwar fiye da mutum 170, mafi yawansu a jihar Khartum. Kogin bai canja ba. Masu tace shi ne babu.

Tsakanin masai da rijiya

Ƙaramin ɓangare ne kawai na Khartum yake da manyan bututun kwashe ƙazanta. Sauran gidaje masai suke haƙawa. Masu hali kuma sukan yi tankin ƙazanta, su haƙa masa rami mai zurfi kamar rijiya, har ya kai ga ruwan ƙarƙashin ƙasa, don kada ya taɓa cika. Mai gida ya huta da kwasa. Amma injiniyoyin ƙasar sun daɗe suna kokawa, domin wannan ruwa na ƙarƙashi shi ne wasu suke jawowa su sha.

Ka lura da wannan sosai, don kuskuren nan muna yinsa. Mutum yakan yi alfahari cewa ya haƙa masai har ya tarar da ruwa. Wannan ba abin alfahari ba ne. Ƙasa ita ce matata. In ƙazanta ta ratsa busasshiyar ƙasa a hankali, ƙwayoyin cuta sukan maƙale su mutu. In kuwa ramin ya taɓa ruwa, sai su bi ruwan su tafi, kuma ba su san iyakar gidanka da na maƙwabcinka ba. Ƙa'idar da ma'aikatan tsabta suke bi ita ce a bar aƙalla mita ɗaya da rabi tsakanin gindin ramin da saman ruwan ƙasa. Ruwan damina za ka yi lissafi da shi, lokacin da rijiyoyi suka ciko, ba na bazara ba. Tsakanin masai da rijiya kuma a bar mita 30, wato kamar taku 40 na babban mutum. Masai ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu.

A cikin gari, inda gidaje suka matse, mita 30 yakan yi wuya. Shi ya sa maganar ba ta gida ɗaya ba ce. Kafin ka haƙa, ka tambayi maƙwabci ina rijiyarsa take. In ya gagara, to ruwan wannan rijiya na wanki ne, in za a sha sai an tafasa ko an sa magani. Ita ma rijiyar a ɗaga bakinta, a yi mata daɓen siminti kewaye mai gangara waje, a yi mata murfi, guga kuma kada ya kwana a ƙasa.

Daren da katangu suka narke

A daren 4 ga Agusta, 1988, aka yi ruwa a Khartum wanda tsofaffi ba su taɓa ganin irinsa ba. Wajen milimita 200 ya zuba cikin kwana guda, fiye da abin da garin yake samu a shekara. Kamar a tara kusan rubu'in ruwan daminar Kano ne a juye shi a dare ɗaya. Gidaje fiye da 100,000 suka rushe, mutane sama da miliyan ɗaya suka rasa wurin kwana. Waɗanda abin ya fi shafa su ne talakawan da suka gudo daga fari da yaƙi, suka yi gini a kwari da kan hanyar ruwa, domin nan ne kaɗai babu mai korarsu. Omdurman tana da rafuka busassu, irin Khor Abu Anja, waɗanda sai ka rantse ba su taɓa ganin ruwa ba. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa.

Bayan ruwan ya janye sai ciwo ya biyo. Masai sun cika sun tumbatsa. Zawo ya yawaita a cikin yara, zazzaɓi ya ƙaru, aka kuma sami ciwon hanta mai sa shawara, irin wanda ake ɗauka ta ruwan sha, wanda ya fi yi wa mata masu ciki illa. A Satumbar 2020 kogin ya sake cika, ya haura mita 17 da rabi a Khartum, fiye da duk abin da aka taɓa aunawa, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku. Mu ma mun ga namu a Maiduguri a Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle.

Mai duba gini, in ka kira shi, ba daga rufi yake farawa ba. Ƙasa yake fara kallo. Zai tambayi dattawan wurin ina ruwa ya tsaya a shekarar da aka fi yin ambaliya. Zai duba ko ƙasar baƙar laka ce irin ta fadama, mai tsagewa da rani ta kumbura da damina. Irin wannan ƙasa tana da yawa a kudancin Khartum, kuma tana tsaga har ginin siminti, don tana ɗaga harsashi tana saukewa kowace shekara.

Katangar ƙasa daga gindi take mutuwa. In ruwa ya kwanta a jikinta, tana tsotsarsa zuwa sama kamar lagwani, gindin ya yi laushi, nauyin sama ya kayar da ita. Sau da yawa da dare abin yake faruwa, bayan an ɗauke ruwa, mutane suna barci. Maganin ba tsada ne da shi ba. A ɗaga harsashi da dutse ko bulo ya wuce inda ruwa yake kaiwa. A tara ƙasa a gindin bango ta gangara waje. Indararo ya yi tsawo, ya zubar da ruwa nesa da katanga, kuma a share shi kafin ruwan fari. A sabunta yaɓe. A ƙwanƙwasa azara a ji ko gara ta cinye cikinta. Wani abin da ke ruɗin mutane shi ne shafen siminti a kan bangon ƙasa. Yana da kyaun gani, amma in ya tsage ruwa yakan shige bayansa ya kasa fita, bango yana ruɓewa kai ba ka sani ba.

Ga alamun da ba a kwana da su: tsagar da ke ƙara faɗi, bangon da ya yi ciki ko ya karkata, ƙofar da ta fara cijewa alhali da ba ta yi, ƙasa tana zubowa daga rufi. In ka ga ɗaya cikin waɗannan bayan ruwa mai yawa, ka kwashe iyalinka daga ɗakin a daren. Gara a kwana a zauren maƙwabci.

Akwai wani tsibiri mai suna Tuti, daidai inda kogunan biyu suke haɗuwa. Mutanensa sun yi suna tun ambaliyar 1946. In kogi ya fara cika sukan kafa wuraren tsaro a gefen ruwa, suna kiransu taya. Kowane wuri da mutanensa, ana gadi dare da rana, an tanadi buhunan yashi. In ruwa ya fasa wani gefe sai a yi shela, kowa ya ruga can. Ba su da injina. Abin da suke da shi shi ne kowa ya san wurin tsayuwarsa tun kafin ruwa ya zo. Unguwarku ma za ta iya zama tun watan Mayu ta raba aiki: su wa za su yashe magudana, su wa za su ɗauko tsofaffi da marasa lafiya, wane tudu za a nufa.

Wuta, hayaƙi da ƙofa

Ranar 3 ga Disamba, 2019, wata tankar gas ta fashe tana sauke kaya a wata masana'antar tayil a Bahri. Aƙalla mutum 23 suka mutu, fiye da 100 suka ji rauni. Hukuma ta ce binciken farko ya nuna babu isassun kayan kariya, kuma an jibge abubuwa masu kama wuta ba bisa ƙa'ida ba. Irin abin da mai duba lafiyar gini zai gani ke nan cikin zagaye ɗaya, in an kira shi, in kuma an ji maganarsa.

Ƙauye ba shi da masana'anta, amma yana da wuraren taruwar jama'a: majami'a, masallaci, makaranta, ɗakin taro. Ku dattawa da kuke riƙe da kuɗin gini, ku tsaya a tsakiyar ɗakin ku tambayi kanku, in wuta ta tashi a bakin ƙofa, ta ina mutane za su fita? Ɗakin taro yana bukatar ƙofa biyu aƙalla, nesa da juna, masu buɗewa waje, kuma ba a kulle ɗaya da kwaɗo alhali mutane suna ciki. In kowace taga an yi mata ƙarfe saboda ɓarayi, to ƙofofin nan su ne rai. Kada a ajiye jarkar fetur a ɗakin da ake taro. Kada a ƙara bene a kan ginin da ba a yi harsashinsa don bene ba. Kuma in magini ya ce zai rage siminti ko rodi don kuɗi su isa, gara a dakata har a ƙara tarawa.

Janareta kuwa a waje ake ajiye shi, nesa da taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da wata iska marar launi marar wari, wadda ke sa ciwon kai da jiri da barci, mutum ya wuce bai farka ba. Gawayi ma haka yake yi in an shiga da shi ɗaki aka rufe ƙofa da taga lokacin hunturu. In ka tarar da mutane a irin wannan hali, ka buɗe ko'ina, ka fito da su iska, a garzaya asibiti.

Ba sai ka je birni neman injiniya ba. A sashen lafiya na ƙaramar hukumarku akwai ma'aikatan tsabtar muhalli, magadan duba-gari. Ku gayyace su kafin a haƙa rijiya ko masai na jama'a, da kafin a zuba harsashin babban gini. Ku nuna musu inda ruwa yake bi, ku bar su su auna da kansu.

In kuma zawo kamar ruwan shinkafa ya kama wani a gida, kada a jira gari ya waye. A dama ƙaramin cokali 6 na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a cikin lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a kan hanya. Da kun iso, ku gaya wa ma'aikacin asibiti daga wace rijiya ko rafi gidan yake sha, don a aika a duba ta kafin maƙwabta su biyo baya.